Na Busa Waƙar Rakiya da Ƙahon Baba

Barkanku da war haka 'yan gida, manya da ƙanana, Musulmi da Kirista. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, in mamata ta ga rubutun nan da sunana a kai to ku fara neman wanda zai gaji takalmana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, na san za a zage ni, ni ma na riga ku farawa. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Shekarata goma sha bakwai, a Gwadangaji muke zaune nan Birnin Kebbi. Ciwona ɗaya ne a duniya, kwaikwayo. In na ga mutum sau biyu to na kwashe shi duka, tafiyarsa, tarinsa, har yadda yake gyara wando. Na taɓa yin muryar malamin lissafinmu daga bayan taga, aji guda ya yi tsit, har da waɗanda suka buɗe littafi karo na farko a rayuwarsu. Wautar da ta kawo ni nan ba ta kai minti biyu ba. Na ɗauki ƙahon wani tsoho na yi kwaikwayonsa a gaban makirfo, ina zaton a kashe yake. Iyakar laifin ke nan, amma yau wata uku abin yana bina ko'ina.

A cocinmu muna da ƙungiyar badujala, wato masu busa ƙahoni da masu ganguna, mu goma sha huɗu ne, mu ke gaba ranar Kirsimeti da Ista da bikin aure da jana'iza. Ni ƙaramin ƙaho nake busawa, kuma ba yabon kai ba, in ka cire mutum ɗaya babu wanda ya kama ƙafata. Mutum ɗayan shi ne shugabanmu, Baba Ayuba. Tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne, ya yi ritaya ya zauna Argungu da matarsa Mama Saratu, amma duk Asabar sai ya shigo mota ya zo ya koyar da mu a ƙarƙashin dogonyaron da ke bayan coci. Ƙahonsa ya girmi babana, duk ya lotse, an ɗaure wani wuri da robar tayar keke, in ka gan shi a bola ba za ka sunkuya ba, amma in ya sa shi a baki har awakin unguwa suna dakata da tauna. Abu uku yake yi in zai yi busa, ya buga dunduniya sau biyu, ya ja hanci, sannan in ya kai ƙarshen dogon sauti sai sautin ya yi rawa kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa. Duk na haddace su. Shi ya sa min suna Aku. In ya kama ni ina yin sa sai ya ce, "Wanga Aku, ranar da ka koyi busan kanka zan yanka maka zakara, yanzu kam nawa kake sata."

Baba na da dokoki. Da an kira la'asar a masallacin maƙwabtanmu, ko muna tsakiyar waƙa za a sauke ƙahoni sai an idar. Ba a zuwa da cingam a baki. Amma babbar dokar a kan waƙar rakiya take. Shi ya tsara ta da kansa lokacin da 'yarsu ta fari ta rasu, tun ba a haife ni ba, ba ta da kalmomi, busa ce zalla, ita muke yi in an ɗauki akwati daga coci zuwa makabarta. A ƙarshenta kowa yana yin shiru, ƙaho ɗaya ya ja layin ƙarshe shi kaɗai. Dokar ita ce ba a busa wannan layin sai da gawa a gaba. A wurin koyo da mun iso bakinsa zai ɗaga hannu a tsaya. Na taɓa tsokanarsa na ce Baba wannan ai camfi ne, kuma Fasto ya ce Kirista ba ya camfi, ya ce ba camfi ba ne ladabi ne, ba a yi wa mai rai bankwana. Ni dai a jana'izai na riƙa jin layin har na kwashe shi da kunne.

To bana sai zumuntar mata suka ce a ɗauki busanmu a faifai tunda Baba yana tsufa, ba su ƙarasa maganar ba amma kowa ya gane. Aka kai mu situdiyon wani Chidi, iyayensa 'yan kudu ne masu shagon kayan gini amma nan aka haife shi, in yana faɗa a waya sai ka rantse Bahaushen garin Ambursa ne. Ɗakin ɗaukar sautin bai fi akurkin kaji ba, an lulluɓe bango da katifu da kwalayen ƙwai, ba a kunna fanka don kar ƙararta ta shiga, mai babban ƙahonmu sai da muka bar rabin jikinsa a waje. Zufar da muka zubar ranar nan da an tara ta da an yi noman shinkafa. Waƙa bakwai muka yi lafiya. Ta takwas ita ce rakiya, kuma an sha fama kafin Baba ya yarda a ɗauke ta har ƙarshe, ya ce ya yarda ne kawai don kar ta bi shi kabari.

Da muka gama namu ɓangaren sai aka sallami kowa ya je cin abinci, aka bar Baba ya yi layin ƙarshe. Ni na tsaya don ni ne ƙaho na biyu, da abokina Iliya mai ganga. Baba ya gwada sau ɗaya, iska ta yanke masa a tsakiya. Ya sake, haka. Na uku tari ya sarƙe shi har idonsa ya yi ja, ya miƙo min ƙahon ya fita shan iska. Chidi kuma ya ce man janareta ya kusa ƙarewa, ya ruga tsallaken titi. Aka bar ni da Iliya da ƙahon Baba a hannuna. Mai hankali zai zauna ya jira, ni kuwa sai na ga dandali. Na turo ciki gaba, na runtse ido ɗaya, na buga dunduniya sau biyu, na ja hanci, Iliya ya toshe baki da hularsa. Na ja layin nan tun daga farko har ƙarshe, har da rawar sautin, ban rage komai ba. Da na sauke sai dariya ta kuɓuce wa Iliya, 'yar ƙarama guda ɗaya. Baba bai dawo ba, jiri ya ɗebe shi a waje aka sa shi a mota sai asibiti. Na mayar da ƙahon cikin jakarsa na ba wanda zai kai masa, na je na ci shinkafata, na manta.

Bayan sati biyu Chidi ya gama haɗa waƙoƙin ya tura wa Fasto. Fasto ya ce babu wanda zai ji sai Baba ya fara ji. Lokacin an sallamo shi daga asibiti, sai muka cika mota ran Lahadi bayan sujada muka tafi Argungu. Muka same shi kishingiɗe a baranda, kuma wallahi ya samu sauƙi, yana ta rigima da Mama Saratu wai an hana shi gishiri an mayar da shi akuya, yana cewa Asabar mai zuwa zai zo ya ga wanda bai yi koyo ba. Fasto ya ajiye ƙaramar lasifika a kan kujera ya kunna. Baba yana gyaɗa kai, yana nuna wanda ya yi kuskure da yatsa, muna dariya. Aka zo ta takwas. Kowa ya yi shiru a cikin faifan, sai na ji dunduniya sau biyu, na ji an ja hanci. Jama'a hancina ne. Na san hancina. Ashe Chidi bai kashe na'ura ba da zai fita, da ya dawo ya ga cikakken layi sai ya ɗauka Baba ne ya koma ya ƙarasa kafin jiri ya kama shi.

Waƙar ta ƙare. Baba ya ce, "Fasto, wa ya busa wanga?" Fasto ya yi murmushi ya ce, "Haba Baba, wa ke da wannan rawar in ba kai ba?" Ya ce, "Ban tuna na kai ƙarshe ba. Sau uku na yi, iska ta ƙare min." Mama Saratu ta ce, "Ranar da anka kwaso ka kamar buhun albasa, mi za ka tuna?" Ya ce a sake kunnawa, aka sake. Na kalli Iliya ya sunkuyar da kai yana sosa ƙafa. Na ce a raina bari a fita sai in faɗa wa Fasto a mota. Da ta ƙare karo na biyu Baba ya kalli rufin baranda ya ce, "To. Tunda na kai ƙarshe, ai shi ke nan." Ya juya ya ce da Mama ta fito masa da farin kakinsa na badujala ta goge. Aka yi ta dariya ana cewa Baba ka bar wannan wasa. A mota ban faɗa wa Fasto ba, na ce gobe.

Ran Laraba ya kamata Baba ya koma asibiti a duba shi, ya ƙi, ya ce ba sai an wahalar da kowa ba. Ya daina rigimar gishiri. Ran Juma'a da hantsi ya rasu. An ce likita ya daɗe da faɗa cewa zuciyarsa ta gaji, mamata ma ta ce lokaci ne, kuma na san rai a hannun Allah yake, ba sai kun tuna min ba. Amma ni na ga mutumin da ke rigima a kan gishiri da ƙarfe biyu, da ƙarfe uku yana neman kakin da za a binne shi da shi, kuma na san abin da ya shiga tsakani.

A jana'izar ni aka ba layin ƙarshe, tunda babu wani. Na yi niyyar in busa shi yadda ni nake busa, a miƙe, ba rawa. Muna bakin kabari kowa ya yi shiru, sai na ji dunduniyata ta bugi ƙasa sau biyu, ban aike ta ba. Sautin ya fito da rawarsa. Mata suka fashe da kuka, wani dattijo ya dafa ni ya ce Ayuba bai tafi ba. Tun daga ranar ban sake iya jan dogon sauti a miƙe ba, ko waƙar bikin aure ce sai ta yi rawa a ƙarshe. A da ni nake yin Baba in na ga dama, yanzu ban san yadda ake dainawa ba.

Kuma waƙar ta bazu. Wani ya tura wa wani, yanzu rabin cocinmu ita ce ƙarar wayarsu. Ina cikin keke zan je kasuwa wayar wata mata ta yi ƙara, sai ga hancina, na sauka ban kai inda za ni ba na ƙarasa da ƙafa. Mai shayin bakin layinmu, Musulmi ne, ya ce in tura masa busan tsohon nan namu, wai yana sa shi tuna babansa. Rannan da rana tsaka ina wanki na ji waƙar sarai daga bayan katanga, na leƙa babu kowa sai kaji. Duk Asabar in muna koyo idona na kan ƙofar coci, in aka kira la'asar muka sauke ƙahoni, a cikin shirun nan sai in ji kamar an ja hanci a bayana. Na daina kwaikwayon kowa. Mamata har godiya ta yi a coci wai Allah ya shirya mata ɗa, ni kuwa tsoro ne ya shirya ni.

Na je na faɗa wa Chidi gaskiya. Da farko ya ce ƙarya nake, sai da ya buɗe kwamfuta ya saurari abin tun daga inda Baba ya fita, ya ji Iliya yana cewa in ƙara turo cikin. Ya riƙe kai, ya zage ni da Hausa ya zage ni da yarensu, ya ce in ja bakina in yi shiru, faifai ya riga ya fita, in na yi magana za a ce bai san aikinsa ba, kuma zan kashe tsohuwa a banza. Na ce to ya ba ni ainihin na Baba, ya tura min a waya ya kore ni. Iliya kuma ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, ranar ma bai zo duniya ba, in na kira sunansa zai ce ni na tilasta masa dariya. Yanzu ko gaisawa ba ma yi sosai.

Asabar da ta wuce na ce ko me zai faru sai na faɗa wa Mama Saratu. Na shiga mota na tafi Argungu ni kaɗai, duk hanya ina haddar abin da zan ce. Na same ta tana tsintar shinkafa, wayarta na gefe. Ta ce, "A'a, Akun Baba ne? Ka rame, ko uwarka ta daina ba ka abinci?" Ta zubo min tuwon shinkafa da kifi, ta zauna tana kallona sai na cinye. Ta ce kullum da safe in ta gama addu'a sai ta kunna waƙar, ita ce gaisuwarsu. Ta ce shekara arba'in da wani abu tana jin busan mutumin nan, bai taɓa yin mai kyau irin wannan ba, kamar an mayar masa da ƙuruciya. Na buɗe baki na ce Mama akwai maganar da, sai ta ce in tsaya tukuna in ji wani abu da babu wanda ya lura da shi sai ita. Ta kai waƙar ƙarshe, ta ƙure ƙara, ta manna min wayar a kunne. Bayan sautin ya mutu akwai 'yar dariya, guda ɗaya. Ta ce, "Ka ji? Dariya ya yi. Ya ga inda za shi." Dariyar Iliya ce, jama'a. Dariyar da aka yi wa mijinta.

Ta shiga ɗaki ta fito da jakar ƙahon ta ɗora min a cinya, ta ce 'ya'yansu babu mai busa, kuma ya sha faɗa mata cewa duk cikin yaran nan Aku ne kaɗai ke saurarensa da gaske. Ta ce, "Mi kake son faɗi ɗazu?" Na ce kifin ya yi daɗi. Abin da na ce ke nan. Na rungumo ƙaho na dawo Birnin Kebbi, yana nan saman kwabata, ban buɗe jakar ba.

Abin da ya sa na kasa jira shi ne Lahadin nan za a ƙaddamar da faifan a coci. An buga hoton Baba a jiki, an rubuta cewa ya busa wa kansa rakiya. Za a ajiye kujera babu kowa a kai, mu busa namu ɓangaren, in an zo layin ƙarshe mu sauke ƙahoni a saki nasa ta lasifika. Mama Saratu za ta tsaya gaban jama'a ta ba da shaida cewa Ubangiji ya nuna wa bawansa ranarsa, ya sa shi ya busa abin da shi kansa bai tuna ba. Fasto ya riga ya yi wa'azi a kai sau biyu, mutane suna ta cewa amin. Ni kuma zan tsaya a layin gaba da farin kaki ina jin iskancina yana fita a gidan Allah da sunan al'ajibi.

Don Allah ku gaya min. In na faɗa, na ƙwace wa tsohuwar nan gaisuwarta ta safe, kuma dole ta yi tunanin da nake yi, cewa da na buɗe baki a barandar nan wataƙila da ya je asibiti ran Laraba. In na yi shiru, za ta tsaya ta ba da shaidar abin da bai faru ba, kuma ni na sa ta. In fara zuwa wurin Fasto ne, ko ita ya kamata ta fara ji? Ko in bari Lahadi ta wuce? In ta wuce kuma akwai ranar da zai yi sauƙin faɗa? Iyaye mata da ke gidan nan, ku na fi so ku amsa min, in ke ce Mama Saratu za ki so ki sani?

Ainihin na Baba yana cikin wayata, sau ɗaya na iya saurara. Bai kai ƙarshe ba. Ya ja layin zuwa tsakiya, sautin ya karye, ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Aku, riƙe min wanga, ina zuwa." Daga nan sai ƙarar ƙofa.